Kama da Wane Ba Ta Wane: Wane Garin Kwaikwayo Ne Ya Cancanci Yininka da Kuɗinka?

Hasumiyar Eiffel ta ainihi guda ɗaya ce. Tana tsaye a Faris tun 1889, tsayinta yau mita 330 idan an haɗa da eriyoyin da ke bisa kanta. Sai dai mai son a ɗauke shi hoto a gindinta ba lallai ne sai ya nemi bizar Faransa ba. Akwai wata a Las Vegas, akwai wata a Makau, akwai wasu biyu a babban yankin ƙasar Sin masu tsayin mita 108 kowacce, ɗaya a Shenzhen ɗaya a gefen Hangzhou, ga kuma 'yan ƙanana a Brussels da Japan. Benis, birnin Italiya mai hanyoyin ruwa, ma ba ta tsira ba, an yi mata kishiyoyi a wurare da dama, har da kwalekwale da matuƙi mai rera waƙa. An kwafi wani ƙauyen Ostiriya sukutum, an kwafi garin Ingila da cocinsa, an kwafi Holan da hanyoyin ruwanta.

A hoton waya duk kamarsu ɗaya. Idan ka taka da ƙafa kuwa, ba su haɗa hanya ba, kuma a nan ne mutane ke asarar yini guda da kuɗin mota. Tambayar da aka saba yi ita ce wanne ya fi kama da na asali. A ganina ita ce tambaya mafi ƙarancin amfani. Wadda ta fi ta ita ce: wa ya gina wurin, kuma me yake son sayarwa? Wani gidaje yake sayarwa. Wani so yake ka daɗe a kusa da teburin caca. Wani tikitin yini ne hajarsa, wani kuma ɗakin kwana. Da zarar ka gane hajar, ka san abin da za ka tarar a bayan ƙofa tun kafin ka tashi.

Akwai kuma maganar da gara a kawar da ita tun yanzu. Ba don baƙon nesa aka gina waɗannan wurare ba. An gina su don mutanen gida da ke marmarin Turai amma tafiyar ta yi musu nisa ko tsada. Wanda zai sayi tikitin jirgi takanas don ya ga Holan ta Japan, kuɗin da zai kashe sun isa su kai shi Amsterdam ta gaske. Saboda haka wannan zaɓi na wanda wata hidima ta riga ta kai shi kusa ne, fatauci ko karatu ko taro ko hutu da iyali, yana da yini ɗaya ko biyu a hannu yana neman inda zai zuba su.

Garuruwan da aka gina don a sayar da gidaje

Thames Town tana gundumar Songjiang, kimanin kilomita 30 daga tsakiyar Shanghai. Ta samo asali daga wani shiri na 2001 da hukumomin birnin suka kira "birni ɗaya, garuruwa tara", don rage cunkoso a tsakiya. An ba da yawa daga cikin sababbin garuruwan salon wata ƙasa: Anting ta samu na Jamus, Gaoqiao na Holan, Pujiang na Italiya, Songjiang kuma na Ingila. Kamfanin Atkins na Birtaniya ne ya zana ta, aka kammala a 2006. Akwai tituna da aka shimfiɗe da duwatsu, gidajen jan bulo, jajayen rumfunan tarho, mutum-mutumin Winston Churchill, da coci mai dogon tsini da aka kwaikwayo daga wata cocin birnin Bristol. Gidajen sun sayu, amma yawancin masu sayen jari suka zuba, ba wurin zama suke nema ba. Sai aka wayi gari ga tituna tsaf-tsaf babu masu bi.

Abin da ya raya wurin shi ne hoton aure. A Sin ango da amarya kan yi hotunansu tun kafin ranar biki, kuma Thames Town ta zame musu ɗakin hoto mara rufi. Tsaya a gaban cocin nan da hantsin Asabar ka ga aiki: amare a jere, kowacce da mai ɗaukar hotonta, da yaron da ke riƙe da faifan mayar da haske, da wata mai baza mata jelar riga a kan matakala. Ana gamawa da ɗaya sai ta tattare farar rigar ta rungume a hannu, ka hango takalmin gudu a ƙafarta, ta matsa gefe ta ba ta bayanta wuri. Wannan kallo shi ne ribar zuwa. Shiga kyauta ne, layi na 9 na jirgin ƙasan birni yana kai mutum Songjiang, daga nan 'yar gajeruwar tafiya ce. Awa biyu ko uku sun wadatar. Wanda ya ware mata yini guda zai kai azahar yana hamma.

Tianducheng, wato Faris ta Hangzhou, ita ce wadda labarinta ya tsufa a intanet ba a sabunta ba. An buɗe ta a wajen 2007, da hasumiyar Eiffel mai kashi ɗaya cikin uku na ta asali, da dogon titi mai benaye irin na Faris a hagu da dama, da lambu mai kwaikwayon na fadar Versailles. A 2013 hotunanta suka zagaye duniya a matsayin kufai: rahotanni sun ce mutum kusan 2,000 ne ke zaune a inda aka tsara wa 10,000, ga gonaki har kusa da gindin hasumiya. Waɗannan hotuna ne har yau ake yaɗawa. Amma Hangzhou ta ci gaba da faɗaɗa har ta cim mata, zuwa 2017 an ƙiyasta mazauna sun kai 30,000, daga baya ma jirgin ƙasan birni ya iso yankin.

Yanzu unguwa ce mai rai, kuma rayuwar da ke cikinta ta Sinawa ce tsantsa. A barandar da aka yi wa adon ƙarfe irin na Faransa an shanya barguna da kayan yara. Akwatunan na'urar sanyaya ɗaki suna manne a jikin bango. A ƙasa akwai mai taliya, mai 'ya'yan itace, mai gyaran babur ɗin lantarki. Da magariba tsofaffin mata kan fito dandali su kunna kiɗa su yi rawar motsa jiki, hasumiya na haskawa a bayansu. Tsakaninta da Thames Town ni Tianducheng zan zaɓa, saboda a can kana kallon yadda mutane suka mayar da mafarkin ɗan kasuwa gidansu, a Thames Town kuwa fage ne da ake haya na awa ɗaya. Mai neman hoto mai tsabta, wanda babu igiyar shanya a ciki, shi kuma Thames Town ce tasa.

Hallstatt ta lardin Guangdong ce ta fi su ƙoƙarin kamanni, kuma ita ce ta fi nuna iyakar kwaikwayo. Ta asali ƙauye ne a Ostiriya mai mutane ƙasa da 1,000, maƙale tsakanin tafki da dutse, inda aka yi dubban shekaru ana haƙar gishiri, kuma yankin yana cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 1997. Kamfanin China Minmetals ya kwafi dandalin kasuwarta da cocinta da gidajenta a gundumar Boluo ta Huizhou. Mutanen ƙauyen ba su ji labari ba sai aiki ya yi nisa, wasu suka fusata, amma da aka zo buɗewa a 2012 magajin garin Hallstatt da kansa ya halarta. Masu ginin sun yi ƙoƙari a kan taga da fenti da tukwanen furanni. Matsalar ita ce abin da ya sa Hallstatt ta zama Hallstatt ba taga ba ce. Tsaunuka ne masu dusar ƙanƙara da tafki mai zurfi da sanyi, su kuwa ba a zuba su da siminti. Abin da ke Guangdong tafkin haƙa ne da tuddai, cikin zafi da gumi. (Abin dariya, kwafin talla ya zame wa ta asalin: baƙi suka yi ta tururuwa har a 2023 aka kafa shingen katako na ɗan lokaci a wurin da aka fi ɗaukar hoto.) Idan kana Shenzhen ko Guangzhou da yini ɗaya tak, akwai inda ya fi nan.

Hasumiya a matsayin allon talla

Las Vegas da Makau wata sana'a ce daban. An buɗe otal ɗin Paris Las Vegas a 1999, hasumiyarsa rabin ta asali ce, mita 165. An so a yi ta cikakkiya, kusancin filin jirgin sama ya hana. Ana hawa da lif zuwa wurin kallo a can sama, kuma kallon fitilun garin daga nan da daddare ba laifi. Amma dubi inda ƙafafunta suka sauka: wasu sun huda rufin ginin sun dire a tsakiyar zauren caca, tsakanin injina. Wannan kaɗai ya isa ya gaya maka aikin da hasumiyar take yi.

A otal ɗin Venetian, na Las Vegas da na Makau, hanyar ruwa mai kwalekwale tana saman bene ne, a tsakiyar kantuna. Shuɗin sama da gajimaren da kake gani fenti ne a jikin rufi, hasken kuma kullum kamar la'asar sakaliya, ko ƙarfe nawa ne a waje. Ba kuskure ba ne. Wanda bai ga rana ta faɗi ba, ba ya tuna lokacin komawa gida ya yi. A wajen tsabta da sanyi da sauƙin tafiya da keken jariri ko na mara lafiya, babu mai ja da su a cikin duk wuraren nan. Kasuwa ce dai mai kayan ado, kuma idan ka shiga da wannan sani ba za ka ji an cuce ka ba.

Tsakanin biyun, mai iyali da wanda ba ya son raɓar caca Makau ta fi masa. A yankin Cotai otal uku na kusa da juna: Venetian da aka buɗe a 2007, Parisian a 2016 da tata rabin hasumiyar, da Londoner mai hasumiyar agogo irin ta Landan. Akwai hanyoyi masu rufi da suka haɗa su, kuma da yake doka ta hana wanda bai kai shekara 21 ba shiga zauren caca, an killace zaurukan, ana iya zagaya kantuna da hanyoyin ruwa ba a taka ciki ba. A Las Vegas kuwa sau da yawa hanyar lif ko ta ɗakin kwana ta tsakiyar injinan take ratsawa. Sannan Makau tana da abin da Las Vegas ba ta da shi. Fotugal ta riƙe ta har 1999, don haka tsohon garin, da dandalin Senado da ragowar fuskar cocin Saint Paul ta ƙarni na 17, ginin Turawa ne na gaske, kuma yana cikin jerin UNESCO tun 2005. Wanda ya kwana a Makau ya kalli kwafi bai taka tsohon gari ba, ya yi sake. Mai son kwalekwalen Benis ba tare da ko ƙanshin caca ba, a Doha akwai kasuwar Villaggio mai hanyar ruwa a ciki, da unguwar Qanat mai kwafin gadar Rialto.

Duniya a cikin lambu ɗaya

Wuraren ƙananan samfura su ne suka fi gaskiya, don ba sa riya cewa ka je ko'ina. Kowa ya san gidan da bai kai ƙugunsa ba samfuri ne. Su ne kuma suka fi dacewa da yara. Amma a tsakaninsu akwai bambanci ɗaya da ba a cika lura da shi ba, kuma a wurina shi ne ke raba gardama: ma'auni.

Window of the World ta Shenzhen an buɗe ta a 1994, faɗinta hekta 48, da kwafin wurare kusan 130: dalar Masar, Taj Mahal, Angkor Wat, gangaren ruwan Niagara, da hasumiyar nan mai mita 108 da ake hangowa daga ko'ina. Tashar jirgin ƙasan birni tana bakin ƙofa, sunanta ma sunan wurin. Akwai wasanni da raye-raye da dare. Wurin nishaɗi ne na yini guda cur, mai yawan tafiyar ƙafa, kuma a lokacin zafin Shenzhen wannan ba ƙaramin abu ba ne ga dattijo ko ƙaramin yaro. Aibinta shi ne kowane gini da nasa ma'aunin. An rage wannan kashi uku, an rage wancan kashi goma sha biyar, yadda fili ya ba da hali. Yaro zai fita da hotuna masu kyau da gurguwar fahimta a kan wanne ya fi wanne girma.

Tobu World Square, a Kinugawa kusa da Nikko a Japan, ta ɗauki ɗaya hanyar. An buɗe ta a 1993, gine-gine 102, kuma dukkansu a ma'auni ɗaya, kashi 1 cikin 25. Abin da wannan ke haifarwa sai an tsaya a gabansa. Hasumiyar Tokyo Skytree mai mita 634 ta zama mita 25 da ɗoriya, sai ka ɗaga kai. Babbar dalar Giza ba ta kai mita 6 ba. A nan take, ba tare da malami ba, ido ya auna shekara dubu huɗu na gini. An zuba 'yan mutane kusan 140,000 a wurin, kowanne tsayinsa bai wuce ɗan yatsa ba, wasu sun cika dandalin Saint Peter, wasu na tsallaka titin New York, wasu na jiran jirgi a tashar Tokyo. Itatuwan da ke kewaye da gine-ginen rayayyu ne da aka hana girma, suna canza launi da kaka kamar manya. Tagwayen benayen cibiyar kasuwanci ta New York da aka rusa a 2001 suna nan tsaye a wurin, ba a cire su ba. Tafiyar kusan awa biyu ce a jirgin ƙasa daga Asakusa ta Tokyo, kuma tana haɗuwa da ziyarar wuraren ibadar Nikko na tarihi a tafiya ɗaya. Idan karatu ake nema, Tobu ta fi Shenzhen nesa ba kusa ba. Idan kuma yaran masu son guje-guje da hayaniya ne, Shenzhen za ta fi riƙe su.

Mini-Europe ta Brussels, a gindin Atomium, ginin nan mai manyan ƙwallayen ƙarfe, tun 1989 take, ita ma kashi 1 cikin 25, da gine-gine kusan 350 na ƙasashen Turai. Yara na son maɓallanta: ka danna dutsen Vesuvius ya yi aman wuta, ka danna taken ƙasa ya tashi. Aikin hannu ne mai kyau. Sai dai daga Brussels jirgin ƙasa mai sauri yana kai mutum Faris cikin ƙasa da awa ɗaya da rabi, don haka babba mai yini guda ya san inda ya fi masa.

Biyu sun cancanci a ambace su daban. Miniatürk ta Santambul, da aka buɗe a 2003, ta haɗa gine-ginen Turkiyya da na ƙasashen da Daular Usmaniyya ta taɓa riƙewa, kamar gadar Mostar da Masallacin Ƙudus, har da gine-ginen da suka shuɗe babu su a doron ƙasa, irin haikalin Artemis. Taman Tamadun Islam kuma, a Kuala Terengganu ta Malesiya, tun 2008 ta tara kwafin gine-ginen Musulunci fiye da 20 a tsibiri ɗaya: Masallacin Harami, Masallacin Annabi, Ƙubbatus Sakhra, fadar Alhambra, hasumiyar Samarra mai murɗe, masallacin Ƙairawan, na Agadas, na Xi'an. A gefe ga Masallacin Kristal, wanda shi ba samfuri ba ne, ana salla a ciki. Ga mai son nuna wa yara yadda ginin masallaci ya bambanta daga Andalus zuwa Sin, da wuya a samu wuri ɗaya da ya fi nan. Nisa ne kawai aibinta, don tana gabar gabas, ba a kan hanyar mai wucewa ta Kuala Lumpur ba.

Wanda ya cancanci a kwana

Huis Ten Bosch, a Sasebo ta lardin Nagasaki, ita kaɗai ce a cikin garuruwan kwaikwayo zan ce a ware mata dare. Dalili na farko, tana da hujjar zama inda take. Jirgin ruwan Holan na farko ya iso Japan a 1600, kuma tun daga 1641 har fiye da shekara 200, lokacin da Japan ta rufe ƙofarta, 'yan Holan ne kaɗai Turawan da aka bari su yi ciniki, daga ɗan tsibirin Dejima na Nagasaki. Ta wannan ƙofa ilimin likitanci da kimiyyar Turai suka shiga ƙasar. Holan a Nagasaki ba zaɓin ka-cici-ka-cici ba ne kamar Ostiriya a Guangdong.

Na biyu, an gina ta gini na gaske. An buɗe a 1992 a kan hekta 152, da hanyoyin ruwa masu tsawon kusan kilomita 6 da jiragen ruwa ke bi, da injinan niƙa masu fukafukan iska, da hasumiya mai mita 105 da ake hawa, kwafin ta cocin Utrecht. Gidajen ba fuska kawai ba ne da aka jingina da katako: otal ne, gidan abinci ne, gidan tarihi ne, har da unguwar da mutane suka sayi gidaje a bakin ruwa. Fadar da wurin ya ci sunanta, wadda ta asali gidan sarautar Holan ce a Hague, an kwafe ta da izinin gidan sarautar, kuma lambun bayanta an shimfiɗa shi bisa wani tsohon zane da ba a taɓa aiwatarwa a Holan ɗin ba. Ka ga nan kwafi ya ba da abin da na asali ba shi da shi.

Wannan kashe kuɗi ne ya kusa kai ta ƙasa. An tsara ta lokacin da tattalin arzikin Japan ke tashe, aka buɗe ta bayan ya faɗi, a 2003 ta durƙushe da bashi mai yawa. Kamfanin tafiye-tafiye na H.I.S. ya karɓe ta a 2010 ya farfaɗo da ita, a 2022 ya sayar wa kamfanin jari na PAG. Farfaɗowar ta zo da farashinta, kuma ya kamata mai zuwa ya sani: an cika wurin da fitilun ado na dare, da wasannin zamani, da abubuwan da babu ruwansu da Holan. A nan aka fara buɗe otal ɗin nan da mutum-mutumi masu motsi ke karɓar baƙi, a 2015. Mai neman Holan zalla zai ɗan yamutsa fuska. Mai iyali kuwa abin ya zo masa daidai, don da rana akwai furanni da jirgin ruwa da keke, da dare akwai fitilu. Fitilun nan ne ma dalilin kwana: wanda ya zo daga Fukuoka, tafiyar kusan awa biyu a jirgin ƙasa, ya ce zai koma a ranar, zai tafi daidai lokacin da wurin ya fara kyau. Tikitin shiga ba shi da araha, otal-otal na ciki ma haka. Furannin tulif da bazarar can suke fitowa, wajen watan Maris zuwa farkon Afrilu.

Kada a haɗa ta da Colmar Tropicale ta Malesiya, wadda aka buɗe a 2000 a kan tudu, tafiyar kusan awa ɗaya daga Kuala Lumpur. Kwafin garin Colmar ne na Faransa, amma kusan titi ɗaya ne da otal a gefensa. Iskar tudun tana da daɗi, awa ɗaya ta gama kallon. Ƙauyen Faransa na Ba Na, kusa da Da Nang a Biyetnam, ya fi ta girma da cunkoso, kuma gaskiya motar igiya da ke hawa da kai dutsen da gadar nan ta 2018 da manyan hannaye ke tallafe da ita sun fi ƙauyen kansa jan hankali.

Akwai guda ɗaya da ba ya shiga kowane rukuni. A Nashville ta jihar Tennessee a Amurka akwai kwafin haikalin Parthenon na Girka, girmansa daidai da na asali. An fara gina shi na wucin gadi don bajekolin 1897, mutanen gari suka ƙi a rushe, aka sake zuba shi da kankare aka gama a 1931. Na Atens kango ne tun 1687, lokacin da harsashin sojojin Benis ya faɗa kan albarushin da Turkawa suka ajiye a ciki. Na Nashville yana da rufi, da ƙofofin tagulla, da gunkin Athena mai kusan mita 13 da aka ƙaddamar a 1990 aka shafe da zinariya a 2002. Ɗalibin zanen gini ko na tarihi zai ga yadda ɗakin yake a rufe, abin da Atens ba za ta iya nuna masa ba. Shi ne kaɗai kwafin da zan ce ko wanda ya ga na asali yana da dalilin zuwa.

To, wanne?

Idan da yara ne kuma yini ɗaya ne, wurin samfura, kuma mai ma'auni ɗaya idan akwai zaɓi. Idan ma'aurata ne ko iyali masu kwana biyu a kudancin Japan, Huis Ten Bosch. Idan da dattijo ko mai wahalar tafiya, ko ana tsakiyar zafi, Cotai ta Makau, a haɗa da safiya guda a tsohon gari. Idan kai mai son kallon mutane ne kuma Shanghai ko Hangzhou ta riga ta same ka, rabin yini a Tianducheng, ko Thames Town idan ba ka son yin nisa. Hallstatt ta Guangdong da Colmar Tropicale na wanda hanya ta bi da shi ne kawai. Kuma duk inda na asali yake cikin tafiyar awa biyu ko uku daga inda kake, bar kwafin.

Kafin a tashi a bincika ko abin yana nan. A 2014 an gina kwafin Abul Haul na Masar, gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum, kusa da Shijiazhuang ta Sin, Masar ta yi ƙorafi, a 2016 aka wargaza shi. A watan Afrilun 2020 kuma gwamnatin Sin ta fitar da umarnin hana kwaikwayon gine-gine, musamman a manyan ayyukan jama'a, don haka tsofaffin ne za a ci gaba da gani, wasu ana kula da su, wasu fenti na ɓarewa. A nemi hotunan baƙi na watannin baya-bayan nan, ba na kamfani ba.

Rana ma tana da muhimmanci, kuma ƙa'idar ba ɗaya ba ce. Wuraren tikiti, irin Window of the World da Huis Ten Bosch da Tobu, a je su a tsakiyar mako, a kauce wa makon hutun ƙasa na Sin a farkon Oktoba da hutun sabuwar shekararsu, da kuma jerin hutun Japan na ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu. Thames Town kuwa akasin haka: a je Asabar ko Lahadi, lokacin da amare da masu hoto suka cika ta. Tianducheng a isa da la'asar, a jira a kunna fitilun hasumiya mutanen unguwa su fito dandali.